Waiwaye: Yadda Masu Jigilar Kayan Nukiliya da Masu Sa Ido Suka Zauna Tabarma Ɗaya

Tun daga 1971 da aka fara haƙo yuraniyom a Arlit da ke Jamhuriyar Nijar, hanyarsa ta fita ɗaya ce sananniya. A zuba garin yuraniyom ɗin mai ruwan ɗorawa cikin durom-durom na ƙarfe, a loda a manyan motoci, su bi ta Agadas da Tawa da Doso, su tsallaka Gaya zuwa Jamhuriyar Benin, har tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga can a nufi Faransa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, kafin rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023. Mai sayar da shayi a bakin titin Konni ya sha ganin ayarin yana wucewa da rakiyar jami'an tsaro. Abin da ba lallai ya sani ba shi ne, alamar gargaɗin da ke jikin motar da irin duron da ke cikinta duk suna bin ƙa'idar da aka rubuta a birnin Vienna.

A 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, mai mazauni a Vienna, aikin tsara dokokin jigilar irin waɗannan kaya. A 1961 aka fitar da su, kuma an sha yi musu kwaskwarima, ciki har da ta 1973 da 1985 da 1996 da 2018. Hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, da takwararta ta jiragen sama, ICAO, suna ɗaukar ƙa'idojin su sa cikin nasu, ta haka suke zama tilas a teku da sararin sama.

Hikimar da aka gina dokokin a kanta ita ce ta fi burge ni. Masu rubuta su sun ɗauka cewa hatsari zai faru ko ba jima ko ba daɗe: direba zai yi gyangyaɗi, birki zai tsinke, jirgi zai nutse. Sai suka ɗora nauyin tsaro a kan mazubin kayan. Tukunyar da za ta ɗauki makamashin da aka gama amfani da shi a tashar lantarki sai an sako ta daga tsayin mita 9 a kan daɓe mai taurin gaske, a sake sako ta daga mita ɗaya a kan sandar ƙarfe, a cinna mata wuta mai zafin digiri 800 na rabin sa'a, a kuma nutsar da ita cikin ruwa mai zurfin mita 15 har sa'a takwas. A 1984 hukumar lantarkin Birtaniya ta nuna wa duniya abin a fili: ta ajiye irin wannan tukunya a kan layin dogo, ta sako jirgin ƙasa babu kowa ciki yana gudun kilomita 160 a sa'a. Kan jirgin ya ragargaje, tukunyar ba ta tsiyaya ba. A shekarar ce kuma jirgin ruwan Faransa mai suna Mont Louis ya nutse a gaɓar Beljiyam da tulunan yuraniyom 30, aka tsamo su duka.

Ƙarfin ƙarfe dai bai sayo wa kamfanonin yardar jama'a ba. A ƙarshen 1992, da jirgin Akatsuki Maru ya ɗauko fulutoniyom daga Faransa zuwa Japan, ƙasashe da dama suka ce kada ya kusanci ruwansu. A 1993 IMO ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan jiragen da ke dakon irin wannan kaya, wadda ta zama dole a 2001. Babban abin kunya ya zo a 1998, lokacin da ta bayyana cewa tukwane da taragun da ke kai kaya masana'antar nukiliya ta La Hague da ke Faransa suna ɗauke da gurɓatar nukiliya a bayansu fiye da kima, kuma kamfanoni sun daɗe da sani suka ja bakinsu. Ministar muhalli ta Jamus a lokacin, Angela Merkel, ta dakatar da jigilar a ƙasarta, ba a ci gaba ba sai 2001. Gurɓatar ba ta kashe kowa ba, ɓoyewar ce ta yi ɓarna.

A wannan shekarar ta 1998 kamfanonin makamashin nukiliya, BNFL na Birtaniya da Cogema na Faransa, da haɗakar kamfanonin lantarkin Japan suka kafa cibiyar jigilar kayan nukiliya ta duniya, WNTI, a Landan, domin masu jigilar su riƙa magana da murya ɗaya. Yau wakilanta na zama a kwamitin IAEA mai bitar dokokin, suna kuma da kujera a IMO. Mai karatu na iya cewa ai an ba kura ajiyar nama ke nan, kuma tsoron nasa yana da tushe idan aka tuna abin da ya faru a La Hague. Sai dai wakilan kamfanonin 'yan kallo ne masu ba da shawara, ƙasashe ne ke yanke hukunci. A ganina zaman yana da amfani matuƙar an riƙe wannan iyaka, domin wanda ke ɗaure kaya a cikin jirgi shi ya san inda doka ta yi kyau a takarda amma ta gagara aiki a bakin tasha.

Mu ma mun ga amfanin tsarin a gida. A ƙarshen 2018 aka kwashe kimanin kilo ɗaya na ingantaccen yuraniyom daga ƙaramar na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka mayar da shi ƙasar Sin ta jirgin sama, da hannun IAEA da hukumar sa ido kan nukiliya ta Najeriya, aka gama lami lafiya. Gana ta riga ta yi irin wannan a 2017.

Matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce ta ƙin ɗauka. Mafi yawan ƙunshin da ake aikawa a duniya na asibiti ne da na masana'antu: kobalt na gashin ciwon daji da tsabtace kayan tiyata, da sinadaran ɗaukar hoton cikin jiki. Duk da haka kamfanin jirgi kan ga alamar nan mai fuka-fuki uku ya ce a kai kasuwa, ko tasha ta hana jirgin da ke ɗauke da kayan tsayawa, alhali takardu sun cika. IAEA ta kafa kwamiti a kan haka a 2006, da kamfanoni a cikinsa, ya yi aiki har 2013, amma ƙorafin bai ƙare ba. Wannan ya fi ci mini rai, domin ƙasashen da ke ƙarshen layi, masu ƙarancin jirage, su suka fi shan wahala. Sinadarin molibdenom-99 da asibitoci ke dogaro da shi yana rasa rabin ƙarfinsa cikin sa'a 66. Idan akwati ya kwana uku a filin jirgi ana jan magana, fiye da rabin maganin ya tafi, kuma majinyacin da ya sayar da akuyarsa ya yi kuɗin mota zuwa birni sai a ce masa ya dawo wani mako.