Waiwaye: Yadda Lasisin Binciken Ma'adinai a Ƙasan Teku Ya Riga Dokar Kare Muhalli

A tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Meziko, a zurfin da ya haura mita 4,000, akwai yankin Clarion-Clipperton. A can duwatsu masu girman dankali suke warwatse kan laka, ɗauke da manganis da nikel da kobalt da tagulla. Kaurin kowanne ba ya ƙaruwa da fiye da 'yan milimita cikin shekara miliyan guda.

A 1967 jakadan Malta a Majalisar Ɗinkin Duniya, Arvid Pardo, ya nemi a ɗauki ƙasan tekun da ba ta cikin iyakar kowa a matsayin gadon 'yan Adam baki ɗaya. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta amince da hakan, sannan a 1994 aka kafa hukumar da ke kula da ƙasan teku a Kingston ta Jamaika.

Tun daga 2001 hukumar take ba da lasisin bincike na shekara 15, kuma dole wata ƙasa ta tsaya wa kamfanin da ya nema. An bayar da kusan 30. Amma dokar haƙa kanta, wadda za ta fayyace iyakar ɓarnar da za a lamunta da wanda zai biya diyya, har yau ba a kammala ta ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Injin da ke tafiya a ƙasan teku yana zuƙe duwatsun tare da lakar sama, ya tura su ta bututu zuwa jirgi, a tace, a mayar da ruwan lakar. Gurɓataccen ruwan kan yaɗu nesa, ya binne halittun ruwa irin su soso da murjani da ke manne jikin duwatsun. A 1989 masana daga Jamus sun ja garma a ƙasan teku kusa da Peru don gwaji. Da aka koma a 2015, sawun garmar na nan raɗau, halittu da dama ba su farfaɗo ba.

A 2021 Nauru, wata ƙaramar ƙasar tsibiri a tekun Fasifik, ta bai wa hukumar wa'adin shekara biyu ta gama dokar. Wa'adin ya cika a Yulin 2023 ba a gama ba. Ƙasashe sama da 30 suna neman a dakata da batun haƙar. Amurka kuwa, da ba ta cikin yarjejeniyar, a Afrilun 2025 Shugaba Trump ya umarci a hanzarta ba da lasisi bisa dokar ƙasarsa ta 1980.