Kiwon jatan landen ruwan daɗi a akwatin gilashi

Kiwon jatan landen ruwan daɗi a akwatin gilashi wani reshe ne na kiwon halittun ruwa don ado. Ana ajiye ƙananan jatan lande masu launi a cikin gida, ba don ci ba, sai don kallo da kuma su hayayyafa. Yawancin waɗanda ake kiwo 'yan gidan Atyidae ne, tsawonsu daga santimita 2 zuwa 4, kuma dangi ne na nesa ga busasshen kirefish da ake dakawa a miya. Kiwon ya bunƙasa a Japan da Taiwan a shekarun 1990, daga baya ya bazu zuwa Jamus da sauran ƙasashen Turai da Amurka.

Ire-iren da ake kiwo

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Neocaridina davidi, ɗan asalin ƙoramu da tafkunan Taiwan da gabashin ƙasar Sin. Masanin Faransa Bouvier ne ya fara bayyana shi a 1904. A daji launinsa ruwan ƙasa ne mai garai-garai, wanda ke ɓoye shi daga kifi. Jan da aka san shi da shi yanzu aikin masu kiwo ne na Taiwan. Daga wannan iri ɗaya aka fitar da rawaya da shuɗi da kore da baƙi da ruwan lemo.

Na biyu shi ne mai zanen baƙi da fari, daga jinsin Caridina, wanda ke zaune a ƙoramun duwatsu na kudancin Sin da Hon Kon. A shekarun 1990 wani mai kiwo a Japan, Hisayasu Suzuki, ya ga 'yan ƙalilan masu ja da fari a cikin garkensa, ya ware su ya yi ta haɗa su har launin ya zauna. Su ne ake sayarwa da sunan Crystal Red. Da yake duk daga ƙaramin tushe suka fito, sun fi 'yan uwansu saurin mutuwa idan ruwa ya ɗan canza.

Akwai kuma Caridina multidentata, wanda mai tsara lambunan ƙarƙashin ruwa Takashi Amano ya sa ya yi suna saboda cin gansakukarsa. Har 2006 ana kiransa Caridina japonica.

Yadda suke haihuwa

A nan ne ire-iren suka rabu gida biyu, kuma wanda bai fahimci wannan rabuwa ba zai yi ta jiran 'ya'yan da ba za su zo ba. Wasu suna yin ƙwai manya kaɗan, wasu kuma ƙanana masu yawa. Masu manyan ƙwai, irin su Neocaridina da masu zane, ɗansu yana gama girman farko a cikin ƙwan, ya fito da cikakkiyar siffar uwarsa, tsawonsa milimita 1 zuwa 2, ya kama kiwo nan take. Masu ƙananan ƙwai kuwa, irin na Amano, mace kan ɗauki ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, amma abin da ke fitowa 'yan tsutsotsi ne masu iyo. A daji kogi ne ke kwashe su zuwa teku, su yi wata ɗaya ko fiye a ruwan gishiri, sannan su hauro. Idan aka bar su a ruwan daɗi, cikin 'yan kwanaki za su mutu. Haka abin yake ga Atya gabonensis, babban jatan landen kogunan Afirka ta Yamma, har da na Nijeriya, mai tace abinci da ƙafafunsa na gaba. Shi ya sa kusan duk wanda ake sayarwa a kasuwannin Turai kamo shi aka yi daga kogi.

A wajen Neocaridina mace ta fi namiji girma da kaurin launi, cikinta kuma ya fi zurfi. Idan ta balaga, ana hango ƙwai a bayan kanta ta cikin ɓawo, rawaya ko kore. Masu kiwo suna ce masa sirdi. Barbara tana biyo bayan saɓa. Da zarar ta tuɓe tsohon ɓawo sai ta saki wani sinadari a ruwa, mazan su ruɗe su yi ta zagaye akwatin suna nemanta. Sabon mai kiwo kan tsorata da wannan zarya ya ɗauka ruwa ne ya ɓaci, alhali alama ce mai kyau.

Bayan barbara takan sauko da ƙwai 20 zuwa 30 ƙarƙashin jelarta, ta manna su a ƙananan ƙafafun iyo. Mako 3 zuwa 4 tana fifita su ba dare ba rana, don iska ta ratsa su kuma kada su yi funfuna. Gab da ƙyanƙyashewa ana iya ganin idanun 'ya'yan, ɗigo biyu baƙaƙe a kowane ƙwai. Iyaye ba sa cin 'ya'yansu, don haka ba sai an raba su ba. 'Ya'yan kan balaga cikin kimanin wata 3, rayuwarsu duka kuwa shekara 1 zuwa 2 ce.

Ruwa

Haƙiƙa mai kiwo ba shi ne ke sa su haihu ba. Aikinsa ya tsare ruwa kada ya canza. Akwati mai lita 20 zuwa 40 ya isa a fara da guda 10 zuwa 20. Amma ba a zuba su a sabon akwati. Sai an bar shi mako 4 zuwa 6 bakteriya sun zauna, waɗanda ke juya amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin jatan lande da ragowar abinci, ta koma naitarait, sannan naitaret mai sauƙin illa. Matatar soso aka fi so, domin mai injin tsotso tana zuƙe jarirai.

Neocaridina na jure zafi daga digiri 18 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, da pH (ma'aunin tsamin ruwa) 6.5 zuwa 8, ya fi kuma jin daɗi a wajen 22 zuwa 25. Masu zane sun fi tsada da wuyar sha'ani: ruwa mai laushi, wato mai ƙarancin ma'adinai, pH ƙasa da 7, zafi bai wuce 24 ba. Masu kiwonsu kan tace ruwa tas da na'ura, sannan su mayar masa da ma'adinai gwargwado. Dole a samu kalsiyam da magniziyam, in ba haka ba sabon ɓawo ba zai yi kyau ba, jatan lande ya maƙale a tsakiyar saɓa ya mutu. Canjin ruwa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a mako ya wadatar, a zuba a hankali, bayan an kawar da kulorin idan na famfo ne.

Abu biyu ne ke kashe su farat ɗaya. Ɗaya tagulla, wadda ke cikin wasu magungunan kifi. Ɗayan kuma maganin ƙwari: jatan lande dangin ƙwari ne a tsarin halitta, saboda haka maganin sauro na feshi ko na hayaƙi a ɗaki ɗaya da akwatin na iya ƙarar da garke a dare guda. A ƙasashe masu zafi wannan da zafin bazara, lokacin da ruwan ɗaki ke haura digiri 30, su ne manyan matsaloli.

Abinci da maƙiya

Babban abincinsu santsin nan ne na bakteriya da gansakuka da ke rufe dutse da ganye da soso. Tsohon akwati mai tsirrai ya fi sabo raya jarirai saboda haka. Ana jefa busasshen ganyen Terminalia catappa, itacen inuwa da ake dasawa a harabar makarantu da ofisoshi a Afirka ta Yamma, ya ruɓe a hankali su yi kiwo a kai. Ƙarin abinci sau 2 ko 3 a mako ya isa; yawansa na ɓata ruwa, ya kuma kawo tsutsar filaneriya da haidira, ƙananan halittun ruwa masu kama jarirai. Kusan kowane kifi na cin 'ya'yan jatan lande, haka ma 'ya'yan mazari da ke shigowa a jikin tsirrai na cinsu.

Launi

Launi ba ya zama da kansa. A kowace haihuwa akan samu koɗaɗɗu, kuma idan ba a ware su ba garken zai dusashe. Haɗa ja da shuɗi a akwati ɗaya ba ya ba da sabon launi mai kyau. Bayan 'yan haihuwa jikoki kan koma ruwan ƙasa irin na kakanninsu.

A wajen gilashi

Juriyar Neocaridina davidi ta sa ya zama baƙo mai kama wuri a inda aka zubar da shi. An same shi a ƙoramun tsibirin Owahu na Hawayi tun 1991, da kuma rafin Gillbach kusa da Kolon a Jamus, wanda ruwan tashar lantarki ke ɗumamawa. A Japan ma ya shiga kogunan da 'yan ƙasa na jinsinsa suke. A ɗaya gefen, Caridina dennerli, ja mai ɗigon fari na tafkin Matano a tsibirin Sulawesi na Indonesiya, wanda sai a 2009 aka ba shi suna, yana cikin halittun da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna gab da ƙarewa, saboda baƙin kifaye da aka saka a tafkin da kuma gurɓatar ruwansa.