Wai oksijin zalla ne a tukunyar masu nutso?

Mutane da yawa da sun ga mai nutso da tukunya a bayansa sai su ce ai oksijin ne ya goyo. A'a fa. Yawanci iskar nan ce da muke shaƙa aka matse, oksijin ɗinta kashi 21 cikin 100 ne kawai. Oksijin zalla in ka wuce zurfin mita 6 da shi guba yake zama, sai mutum ya kama jijjiga kamar mai farfaɗiya, bakin regileta, wato na'urar da yake shaƙar iskar ta cikinta, ya suɓuce masa a cikin ruwa, shi kenan. Shi ya sa masu zuwa can ƙasa sosai rage oksijin ɗin ma suke yi, su ƙara wata iska da ake kira hiliyam.

Ita kuma regileta ba ta tace oksijin daga iska, matsi kawai take saukewa, daga bar 200 na tukunya (bar ma'aunin matsi ne) zuwa wajen 10 sama da matsin ruwan, sannan ɓangarenta da ke bakinka ya daidaita shi da zurfin da kake. Wadda za a ɗaura wa tukunyar oksijin mai yawa, irin wadda mai nutso ke shaƙa in ya tsaya a hanyarsa ta fitowa sama, dole a wanke ta tas a sa mata giris na musamman, don ɗigon mai kaɗan in ya haɗu da oksijin a matse wuta yake kamawa.