Kuɗin sabunta sunan shafin intanet: tambayoyi da amsoshi

Na biya kuɗi na yi rajistar sunan shafina. Me ya sa ake sake neman kuɗi bayan shekara?

Domin haya ka kama. Sunan da ke ƙarewa da .com ko .org ko .net ba a sayar da shi na dindindin. Ana ba ka shi na wa'adi, daga shekara ɗaya zuwa goma. Wa'adi ya cika ba ka sabunta ba, sunan zai fita daga hannunka, ko da kuwa shekara ashirin ka yi kana amfani da shi.

Wa ke yanka farashin?

Hannu uku kuɗinka ke bi. Akwai kamfanin da ke riƙe da babban kundin sunaye: na .com da .net yana hannun Verisign na Amurka. Shi ke yanka farashin sari, wanda ya kai dala 10.26 a shekara kan kowane .com a watan Satumbar 2024. Akwai hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 don kula da tsarin sunayen, tana karɓar ɗan kasonta, kimanin santi 20. Sai dillalin da ka yi rajista a wurinsa, irin su GoDaddy da Namecheap, shi kuma ya ɗora ribarsa.

Yarjejeniyar Verisign ta ba shi damar ƙara kashi 7 cikin ɗari a wasu shekarun. Na .org kuwa an cire masa iyakar farashi tun 2019. Sunayen ƙasashe, irin .uk da .de, kowanne da dokar gidansu.

To ta yaya wani dillali ke bayar da suna a dala ɗaya ko biyu?

Tallan shekarar farko ne. Idan sari ya haura dala goma, wanda ya ba ka .com a dala biyu faɗuwa ya yi da gangan, yana jiran shekara ta zagayo ya fanshe. Ya san a lokacin ka riga ka buga sunan a katin kasuwancinka, imel ɗinka na kansa, abokan hulɗa sun haddace shi. Tashi zai yi maka wuya, sai ka biya.

Abin ya fi tsanani a sababbin ƙarshen suna irin .shop da .online, inda kuɗin sabuntawa kan ninka na shekarar farko sau da yawa. Kafin ka latsa biya, nemi ɗan rubutun nan da ake sakawa ƙasa da ƙananan haruffa, mai nuna nawa za a caje ka baɗi. A ganina wannan shi ne farashin gaskiya. Ka kuma duba kwandon sayayya, don akan cusa ƙarin kaya kamar akwatin imel na gwaji, kuma shi ma yana sabunta kansa.

Shin in bar sabuntawa ta atomatik a kunne?

Idan sunan na da amfani gare ka, bar ta. Mantuwa ba ta san babba ba. A Disambar 1999 Microsoft ya manta bai sabunta passport.com ba, sunan da ake bi ta kansa a shiga imel ɗinsa na Hotmail, masu Hotmail suka kasa shiga akwatunansu, sai wani mai suna Michael Chaney, wanda ba ma'aikacinsu ba ne, ya biya dala 35 daga aljihunsa.

Amma atomatik ɗin ba tabbas ba ce. Umarni ne kawai cewa a ciri kuɗi daga katinka. Idan katin ya ƙare aiki, ko babu kuɗi a ciki, ko banki ya hana, ba za a sabunta komai ba. Dillali zai turo gargaɗi, sai dai sau tari yana zuwa tsohon imel ɗin da mutum ya daina buɗewa. Akwai kuma masu saka imel ɗin da ke kan sunan shafin kansa a matsayin adireshin tuntuɓa. Suna ya mutu, imel ya mutu tare da shi, saƙon ceto ba shi da inda zai sauka.

Sunayen da ka kama don sha'awa ba ka taɓa amfani da su ba kuwa, kashe masu atomatik. Yi hakan da wuri, domin dillalai da yawa kan ciri kuɗin makonni kafin ranar ƙarewa, kuma dawo da shi ba abu ne mai sauƙi ba.

Wa'adi ya riga ya wuce. Shi ke nan na rasa?

Ba nan take ba. Dokar ICANN ta 2013 ta wajabta wa dillali ya tuna maka kimanin wata guda kafin ranar, ya sake saura mako guda, ya ƙara cikin kwana biyar bayan ta wuce. Daga nan akwai rangwamen da zai iya kai kwana 45, gwargwadon dillali, inda yawanci za ka sabunta a farashin da aka saba, duk da cewa shafin ya daina buɗewa. Idan aka goge sunan, akwai sauran kwana 30 na fansa, amma da tara mai tsada, ninkin kuɗin sabuntawa sau da dama. Sai kwana biyar na jiran saki, sannan a buɗe wa kowa. Wasu dillalan ma ba sa bari a kai nan: suna mai farin jini gwanjonsa suke yi tun a kwanakin rangwame.

Farashin dillalina ya yi yawa. Zan iya ƙaura?

Za ka iya. Ka cire makullin sunan, ka karɓi lambar sirrin ƙaura, ka miƙa wa sabon dillali. Kuɗin da za ka biya yakan zo da ƙarin shekara guda a kan wa'adinka, don haka ba asara. Sai dai ba a ƙaura cikin kwana 60 na farko bayan rajista, kuma aikin kan ɗauki kwanaki, kada ka jira sai saura kwana biyu.

An turo mini takardar biyan kuɗi daga kamfanin da ban sani ba.

Kada ka latsa komai a ciki. Tsohuwar dabara ce ta janye sunanka zuwa wani dillali mai tsada, ko ta satar bayanan kati. Shiga asusunka kai tsaye a wurin dillalinka ka duba ranar ƙarewa da idonka.