Waiwaye: yadda maɓallin kunnawa ya daina yanke wuta

A wata rumfar gyaran salula kusa da Babbar Kasuwar Yamai, wata dattijuwa ta ajiye wayarta ta ce, "Ɗana, maɓallin nan ya mutu, na danna har yatsana ya gaji." Mai gyara ya buɗe wayar, ya sa ɗan hantsaki ya haɗa wasu ɗigo biyu na tagulla, sai ga haske. "Inna, ƙura ce ta shiga, da sauƙi." Da hasken bai zo ba, da zancen ya yi tsawo, don maɓallin yau ba shi ke sakin wuta ko tsare ta ba. Ɗan aike ne kawai, kuma saƙonsa sai ya ratsa hannu uku kafin a yi aiki da shi.

Da can abin bai kai haka ba. Kwamfutar da IBM ta fitar a 1981 tana da ƙaton jan makunni a gefe, mai datse wutar gida kai tsaye kamar makunnin fitila. In ka taɓa shi tana tsakiyar rubutu a faifai, aikinka ya bi ruwa. Waɗanda suka yi zamani da Windows 95 za su tuna baƙin allon nan mai rubutu ruwan lemo, da ke sanar da kai cewa yanzu kana iya kashewa. Injin ya kintsa, amma ba shi da hannun kashe kansa.

A 1995 Intel ta kawo tsarin ƙera kwamfutar tebur mai suna ATX, wanda ya bar ƴar wuta ta volt 5 tana gudana ko da an kashe kwamfuta, don a samu mai sauraron maɓalli. A ƙarshen 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wadda ta damƙa wa manhaja ragamar wutar kwamfuta. Daga nan dannawa ta zama neman izini: babbar manhaja ta ji, ta rufe fayiloli, sannan ta ce a ɗauke wuta. Sun dai bar ƙofar baya guda. In manhaja ta sanƙare, ka riƙe maɓallin daƙiƙa 4, wuta ta ɗauke ko ta so ko ta ƙi.

Wannan na kwamfutar tebur ne, inda kowa ya bi layi ɗaya. Ƙananan ƙwaƙwalen na'ura samfurin ARM da ke cikin salula da dikoda da akwatin wifi ba su gaji wannan haɗin kai ba. Kowane kamfani da inda ya ɗaura maɓallinsa. Wani ya kai shi ƙafar ƙwaƙwalwar kai tsaye, wani ya kai shi ɗan guntun da ke rabon wuta da cajin batir, wanda masu gyara ke kira aisin wuta. Shi ya sa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin waɗannan na'urori, ke cike da ƙananan direbobi, wato shirye-shiryen da ke tafinta tsakanin ƙarfe da manhaja, kowane da guntun da ya sani: twl4030-pwrbutton na guntun kamfanin Texas Instruments, wanda ya yi aiki a Nokia N900 ta 2009, da axp20x-pek na alluna masu ƙwaƙwalwar Allwinner, da gpio-keys na maɓallin da aka ɗaura kai tsaye.

Aikin direban kaɗan ne, amma akwai tarko. Ƙarfen da ke cikin maɓalli ba ya haɗuwa sau ɗaya tak. Yakan yi ƴar rawa kafin ya zauna, ƙwaƙwalwa kuwa saurinta ya isa ta ƙirga dannawa ɗaya a matsayin goma. Don haka gpio-keys kan dakata kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ya gaskata, in ba a ba shi wani adadi ba. Maɓallin da ya sha ƙurar hunturun Yamai rawarsa ta fi haka, shi ne za ka ga allo ya kunna ya mutu a dannawa guda. Tarko na biyu barci ne. In ba a yi wa maɓallin rajista cikin masu ikon tada na'ura ba, za ta kwanta lafiya lau, ta ƙi tashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne direban ba ya kashe komai. Lamba kawai yake miƙawa sama, 116, mai suna KEY_POWER. Abin da za a yi da ita na manyan manhajoji ne: Android ya kashe allo, systemd, shirin da ke kula da tashi da rufewar Linux, a kan uwar garke (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) ya rufe injin baki ɗaya. Aisin wuta kuma yana nan da sandarsa, domin irinsa mai suna AXP209 kan yanke wuta da kansa in an riƙe maɓalli daƙiƙa 4, 6, 8 ko 10, gwargwadon yadda aka saita shi.

Har zuwa 2011 bayanin wace ƙafa ce ke riƙe da wane maɓalli a cikin zuciyar Linux ake cusa shi, kowane allo da fayil ɗinsa. A shekarar ce Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya yi wa masu ARM tatas kan wannan tarkace. Sai aka rungumi bishiyar na'urori, dabarar da injina masu wata ƙwaƙwalwa, PowerPC, suka daɗe da ita: bayanin allo a fayil dabam, direba ɗaya ya ishi alluna da yawa.

Raspberry Pi, ɗan allon kwamfuta da ɗalibanmu ke koyon aiki da shi, ya fito a 2012 ba maɓalli sam. Mai gaggawa sai ya fizge waya, katin memori ya lalace, a zauna sake zuba manhaja. Sai a Raspberry Pi 5, cikin 2023, aka sa maɓalli a jikin allon. Tsofaffin kuwa suna nan a hannun mutane, kuma maganinsu bai wuce a jona ɗan maɓalli tsakanin ƙafa ta 5 da ta 6 ba, a ƙara layin gpio-shutdown a fayil ɗin config.txt.