Gidan naman kosha na alfarma: tambayoyi da amsoshi

Mene ne gidan naman kosha?

Kosha kalma ce daga Ibrananci da ke nufin abincin da ya dace da dokokin addinin Yahudawa. A birnin New York akwai manyan gidajen gasa naman sa da ke bin waɗannan dokoki, irin su Le Marais da aka buɗe a 1995 kusa da dandalin Times Square, da Reserve Cut a unguwar hada-hadar kuɗi. Wanda ya shiga zai tarar da fararen mayafan tebur da ma'aikata cikin tsaf, amma abin da ya bambanta wurin yana cikin madafa, inda wani mai sa ido da ake kira mashgiya yake duba kowane kaya da aka shigo da shi, yana ɗaga ganyen salak zuwa haske don neman ƙwari, kuma sau da yawa shi ne yake kunna wutar girki.

Ta yaya ake samar da naman?

A nan ne aikin yake da nauyi. Dabbar dole ta kasance mai tuƙa kuma mai rababben kofato, shi ya sa raƙumi bai shiga ba. Mahauci mai horo na addini ne yake yankawa da doguwar wuƙa wadda yake bin bakinta da farce kafin yanka, domin ko ƙaramin giɓi a kaifinta yana ɓata yankan. Daga nan sai a duba huhu. Idan sumul yake babu manne-manne, ana kiran naman glat, kuma shi ne manyan gidaje suka fi saya. Cikin sa'o'i 72 ake jiƙa naman rabin sa'a, a barbaɗe shi da gishiri na sa'a guda, sannan a ɗauraye shi sau uku don fitar da jini. Gwanin mai gashi ya san naman ya riga ya sha gishiri, sai ya rage hannu.

Me ya sa ba a cika samun naman cinya ba?

Attaura ta hana cin wata jijiya ta cinya, saboda labarin kokawar da Annabi Yakubu ya yi har aka taɓa masa kwatangwalo, ta kuma hana wasu nau'o'in kitse na ciki. Mai karatun Alƙur'ani zai tuna cewa aya ta 146 a Suratul An'am ta ambaci haramcin wannan kitse ga Yahudawa. Cire jijiyar aiki ne mai wuya, don haka a Amurka galibi ana sayar da rabin bayan sa ga wasu kasuwanni, a riƙe na gaba. Saboda haka naman haƙarƙari mai zaren kitse ya zama sarkin waɗannan gidaje, kuma ni a ganina shi ya fi cancanta baƙo ya nema. Wannan asara ta rabin dabba, haɗe da albashin mahauci da mai sa ido, ita ce ke sa kuɗin ya yi tsada.

Akwai man shanu ko madara?

Babu ko kaɗan, domin ba a haɗa nama da nono, kuma sau uku Attaura ta hana dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa. Kayan zaƙi da madarar kwakwa ko ta waken soya ake yin su. A sani kuma ana rufe gidan daga yammacin Juma'a har bayan faɗuwar rana a ranar Asabar.

Musulmi zai iya ci a can?

Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, kuma malamai da yawa sun amince da yankan Yahudawa a kan haka, ko da yake wasu suna da ja saboda mahaucin yana yin addu'a sau ɗaya ne kafin ya fara yanka dabbobi masu yawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne giya: dokar kosha ba ta haramta ta ba, kuma ana yawan zuba giyar inabi a romon da ake kwarara wa nama, har da wasu kayan zaƙi. Ya kamata Musulmi ya tambayi mai kawo abinci kai tsaye, ya nemi a gasa masa naman da gishiri da barkono kawai, a ajiye romon a gefe.