Sauya Kan Harsashi a Ɗurin Harsashi da Hannu

Ɗurin harsashi da hannu aiki ne da maharba da masu gasar harbi ke yi a ƙasashen da doka ta amince da shi, inda mutum ke haɗa abubuwa huɗu da kansa: kwanso, wato gidan ƙarfen da ke riƙe sauran, firaima mai tada wuta, albarushi, da kan harsashi, wato ƙarfen da ke fita ta bututun bindiga. Tambayar da ta fi yawan tasowa ita ce ko za a iya ɗaukar ma'aunin albarushin da aka wallafa don kan harsashi na wani kamfani a ɗura shi ƙarƙashin na wani kamfanin, muddin nauyi da kauri sun zo ɗaya. Amsar masana ita ce daidaiton nauyi kaɗai bai isa ba.

Kamfanonin ƙera kan harsashi irin su Sierra, Hornady, Nosler, Speer da Barnes, da masu sayar da albarushi irin su Hodgdon da Vihtavuori, suna wallafa jadawalin albarushi da ke nuna ma'aunin farawa da ma'aunin ƙoli, wato mafi ƙarancin abin da za a ɗura da mafi yawansa. Ana lissafi da giren, wani ƙaramin ma'aunin nauyi, kuma giren 7,000 ne ke yin fam ɗaya. Kowane layi a jadawalin sakamakon gwaji ne da aka yi da takamaiman kwanso, firaima, kan harsashi da tsawon harsashi, a cikin bututun da aka ɗaura wa na'urar auna matsi, wato ƙarfin iskar da albarushi ke fitarwa idan ya kama wuta. Iyakar matsin kuwa ƙungiyoyi biyu ne ke tsara ta, wato SAAMI da aka kafa a Amurka a 1926, da CIP da aka kafa a Turai a 1914. Misali, iyakar da SAAMI ta sa wa harsashi samfurin .308 Winchester ita ce fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i.

Abin da ya sa sauyin ke da haɗari shi ne kawuna biyu masu nauyi ɗaya na iya bambanta ƙwarai a siffa da ƙira. Na farko shi ne tsawon jikin da ke gogar bututu, domin gwargwadon tsawonsa, gwargwadon turjiyar da iskar albarushi za ta ci karo da ita. Sai taurin rigar da ke lulluɓe dalmar ciki, wadda galibi gamin jan ƙarfe da tutiya ce, da kuma tsarin cikin kansa. Misali, kan harsashi samfurin Nosler Partition, wanda ya fito a 1948, yana da shinge a tsakiya da ya raba dalmar gida biyu. Bambancin ya fi fitowa fili a kawunan da aka yi da jan ƙarfe zalla. Da yake jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba (giram 8.96 ne a kowane santimita kubik, dalma kuwa 11.34), dole irin wannan kan ya fi tsawo kafin ya kai nauyin takwaransa. Idan aka dasa shi a tsawon harsashi ɗaya, gindinsa zai ƙara nutsewa cikin kwanso ya cinye wurin albarushi, kuma ƙarancin wuri yana ɗaga matsi. Hauhawar matsi na cikin dalilan da suka sa Barnes ya yanka tsagi a jikin samfurinsa na TSX, don rage gogayya.

Akwai kuma lanƙwasar goshin kan harsashi, wadda sababbin masu ɗuri suka fi mantawa da ita. Harsasai biyu na iya zama tsawo ɗaya daga gindi zuwa tsini, amma ɗaya ya riga ɗaya taɓa murɗaɗɗen zanen cikin bututu. Wanda ya manne da zanen ba ya samun ɗan tazarar da zai fara motsi, sai matsi ya yi tsalle tun daga farko.

Saboda haka ƙa'idar da littattafan ɗuri suka haɗu a kanta ita ce a nemi jadawalin da aka gwada da ainihin kan harsashin da ke hannu, kuma duk lokacin da aka sauya wani abu a koma ma'aunin farawa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ba tare da wuce ƙoli ba. Sauka ƙasa da ma'aunin farawa ma ba shi da aminci, musamman da albarushi mai jinkirin ci. Ko kwanso aka sauya, sai a koma ma'aunin farawa, domin na soja yakan fi kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta.

Alamun matsi da aka saba dubawa sun haɗa da firaima da ta baje, sakatar bindiga da ta yi tauri wajen buɗewa, da tabo mai sheƙi a gindin kwanso. Sai dai bai kamata a dogara da su ba, domin sau da yawa ba sa bayyana sai matsi ya riga ya zarce iyaka. Na'urar auna gudun harsashi ta fi su amfani: idan gudun ya haura abin da jadawali ya nuna a bututu mai irin wannan tsawo, to akwai yiwuwar matsin ma ya haura, kuma a nan ake dakatawa.